Gona mai icce ce ke ba da tuwo, ita ce ke ba da miya

Ƴan uwa matasa, kwanakin nan ko a fada ake shan shayi, ko a WhatsApp ake musu, maganar ƴancin kai ce a bakin kowa. Madalla. To amma kowa ya leƙa tukunyar gidansu yau da rana. Shinkafar da aka ɗora daga Indiya ko Tailan ta fito, man da aka soya miya da shi ya ƙetaro teku, taliyar da yara ke so ita ma baƙuwa ce. Lokacin da aka rufe mana iyakoki bayan watan Yuli na 2023, ai ba mu buƙaci wani masani ya yi mana bayani ba, kuɗin buhun shinkafa ya yi mana bayanin da kanshi. Ƙasar da ke jiran jirgin ruwa ya tsaya a Kwatano ko Lome kafin ta ci abinci, igiyar wuyanta tana hannun wani.

Don haka yau noma za mu yi magana a kai, kuma irin noman da ke barin ƙasa da ranta, yadda ɗa zai gaji gonar da ta fi wadda ubanshi ya gada. Abin da ya kamata kowane ɗan Nijar ya sani shi ne, a wannan fanni duniya ce ke zuwa koyo wurinmu. Malaman kuma su ne manoman Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda mu ƴan birni muke kira ƴan ƙauye.

Mu koma baya kaɗan. Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi ya watse garuruwa. Bayan shekara goma, a 1984, aka sake shiga wata yunwar da tsofaffinmu har yau suke kira El Buhari. A wancan lokaci gonakin jihar Maraɗi sun zama fili fetal. Manomi na ƙwarai, a ganin mutane, shi ne wanda ya share gonarshi tas, ya sassabe duk wani tsiro ya ƙone. Doka ma ta taimaka wajen ɓarnar: icce na gwamnati ne ko da cikin gonarka ya fito, ka taɓa shi ma'aikatan gandun daji su ci ka tara. To wa zai yi renon abin da zai jawo mishi tara? Sakamakon kowa ya gan shi. Iska ta riƙa kwashe ƙasar sama, rairayi ya riƙa binne shuka, mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku a damana guda. Mata na tafiyar sa'o'i neman iccen girki, in babu su ƙona kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki.

An kashe kuɗi masu yawa wajen dasa itatuwa daga gandun reno, galibinsu suka mutu. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura da abin da ke gaban kowa: ƴan tsire-tsiren da ake sassabewa duk shekara tofon kututture ne. Itatuwan da aka sare ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai ƙarƙashin ƙasa, tana jiran a ƙyale ta. Dabarar ba ta da wuya. Ka zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututturen, ka datse sauran, ka kare su daga awaki da masu gatari. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, cikin ƴan shekaru sai ka ga icce tsaye. Kayan aikin wuƙa ce ko adda. Wannan shi ne sassaben zamani.

Da farko dariya aka yi ma waɗanda suka karɓa, aka ce malalata ne masu ƙazamar gona. A yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon cimaka, mutane suka bar itatuwa don su samu hatsi, da rabon ya ƙare da yawa suka sare abinsu. Amma waɗanda suka bari sun ga bambanci, maƙwabta suka gani, abin ya riƙa tafiya daga gona zuwa gona, daga kasuwa zuwa kasuwa. Bayan shekara ashirin, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou suka gwada hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan adam na shekarun 2000. Abin da suka ƙiyasta: kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200, kuma ƙarin hatsin da ake samu ya kai kimanin tan 500,000 a shekara, abincin mutum miliyan biyu da rabi. A 2018 Rinaudo ya samu kyautar Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Amma hannuwan da suka yi aikin na mutanen Dan Saga ne a Agye, da na Magarya da Matamai da Mirya, da dubban garuruwan da ba a taɓa ambata a rediyo ba.

Ku ɗauki gawo kaɗai. Sauran itatuwa da damana suke ganye, shi kuwa da damana yake zubar da nashi, don haka ba ya tare ma hatsi rana. Ganyen da ya zuba ya ruɓe ya zama taki daidai lokacin da shuka ke nema, saiwarshi kuma tana ƙara ma ƙasa sinadarin da muke saye cikin buhun takin zamani. Da rani ya yi ganye ya yi ƴaƴa, dabbobi su taru a inuwarshi su ci, su bar kashi a wurin. Duk wanda ya taɓa ratsa gonakin kudancin Damagaram a watan Agusta ya ga yadda hatsin gindin gawo ke fin na fili tsawo da duhun ganye. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa ake ba da labarin sarakunan Damagaram na da suna hukunta mai sare gawo hukunci mai tsanani.

A jihar Tawa kuma, inda ƙasa ta zama fako, ruwa ya sauka ya gudu, wata dabarar ce ta yi aiki. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda ake gyara ramukan shuka, suka dawo suka inganta tasu tassa. Da rani ake haƙa ramin, a zuba taki kamar cikin hannu, gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru ya nutse maimakon ya wuce. Ga kuma rabin wata da jeren duwatsu masu rage gudun ruwa. Filin da a da ko kyauta ba mai so, sai ga shi ana cinikinshi. Aiki ne mai karya baya, kar wanda ya ruɗe ku, amma yana mai da mataccen wuri gona.

To a nan ne maganar ke ɗaurewa. In har mun yi wannan abin a zo a gani, me ya sa kusan rabin yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba? Me ya sa Maraɗi da Damagaram, rumbun ƙasar nan, su ne kullum a sahun gaba wajen tamowa? A 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Kuma a shekarar hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, kuɗinshi ne ya fi ƙarfin talaka. Wannan shekarar ta koya mana cewa cikar kasuwa dabam, cikar rumbun gida dabam, abin da ke shiga cikin yaro kuma dabam.

Yaro ɗan wata takwas cikinshi ƙarami ne. In aka cika shi da hurar da aka tsinka da ruwa, zai yi shiru, uwa ta ce ya ƙoshi, alhali jikinshi bai samu abin gina jini da ƙashi da ƙwaƙwalwa ba. Likitoci suna cewa kwana 1,000 na farko, tun daga shigar ciki har yaro ya shekara biyu, su ne ke yanke hukunci, abin da aka rasa a nan da wuya a maido shi. Nono zalla har wata shida, bayan nan kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na son yaro ya samu aƙalla rukuni 5 cikin rukunin abinci 8 a kowace rana. Hatsi rukuni ɗaya ne tak. Sauran fa? Wake, gujiya, ƙwai, nono, ganye, ƴaƴan itace, ɗan nama ko kifi. Wato miya da abin da ke cikinta.

Nan ne gona mai icce ta yi ma gona mai sharar tas nisa. Kuka na ba da ganyen miya, garin ƴaƴanta kuma cike yake da bitamin C. Zogala, wadda matan Jiratawa da na bakin Gulbi suka mai da sana'a, tana da sinadarin gina jiki da bitamin A. Ga aduwa, ga magarya, ga ɗanya, ga tafasa da rama da yakuwa a gefen kunya. Ƴaƴan gawo da harawar wake suna riƙe akuya har ƙarshen rani, akuya mai ƙoshi kuwa ita ce nonon yaro. Reshen da aka datse ya zama iccen girki a bakin gida, uwa ta samu sa'o'in da take ɓatawa a daji, abin da ya ragu ta sayar ta sayi sabulu ko magani. In damana ta yi gardama hatsi bai yi ba, iccen na nan tsaye, saiwarshi na shan ruwan da hatsi ba ya kaiwa. Gidan da ke da itatuwa yana da abin sayarwa kafin ya kai ga sayar da akuya, ko gonar kanta.

Sai dai ku tambayi kanku: wa ke da iko da wannan miya? Mace ce ke ciyar da yaro, amma ita ce ta farko da ke rasa ƙasa. Ƙidayar 2012 ta same mu miliyan 17, yau mun haura miliyan 25, gonar gandu ana ta raba ta tsakanin magada har ta koma kamar tabarma. A kudancin Maraɗi, in ƙasa ta yi ƙaranci, gamanar mace ake fara karɓewa. Wani lokaci har rabonta na gado, wanda addini ya yanka mata a fili, sai a ce ƴan uwanta maza za su riƙe mata. Macen da ba ta da tabbacin gona ba za ta yi renon iccen da sai bayan shekara biyar zai amfane ta ba. Duk shirin yaƙi da tamowa da bai taɓo gamana ba, rabin aiki ne.

Haka kuma wake. Bayan Najeriya babu ƙasar da ta kai mu noman wake a duniya, amma yawancinshi lodi ake yi a ƙetare da shi tun da kaka, lokacin da ya fi araha, don manomi na da bashi kuma yana tsoron ƙwari su cinye mishi. Tsakar damana, rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, zazzaɓin sauro ya kama yara, sai shi wannan manomin ya koma kasuwa ya sayi abinci da tsada. Maganin wannan ma akwai shi a ƙasar nan. Buhun PICS mai ruɓi uku yana ajiye wake wata da watanni ba tare da an zuba guba ba. Akwai tsarin da ƙungiyar manoma ke ajiye amfanin gona a sito, a ba su rance a kai, su sayar in kasuwa ta tashi. Masu binciken INRAN da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi sun nuna yadda ake sakin wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ke kashe tsutsar zangarniyar hatsi ba da feshi ba. A 2018 an fitar da irin hatsi mai suna Chakti, aikin cibiyar ICRISAT, mai yawan sinadarin ƙarfe, a ƙasar da ƙarancin jini ya addabi mata da yara. Ilimin na nan. Tsakaninshi da manomi ne hanya ta yanke.

Wani zai ce, to ku kuna so mu zauna da hauya har abada ke nan, duniya na noma da tarakta? A'a. Icce kaɗai ba zai ciyar da mutum miliyan 25 ba. Ƙasarmu mai rairayi tana da ƙarancin fosfor, tana son taki, kuma ɗan kaɗan da ake sakawa gindin kowace shuka, kamar cikin marfin kwalba, yana ƙara amfani sosai. Muna son noman rani, muna son rijiyoyi da famfo mai aiki da hasken rana, albasar Galmi ta isa shaida. Muna son a gama madatsar Kandaji da aka aza tubalinta tun 2008. Amma takin zamani a kan ƙasar da ba ta da ruɓaɓɓen ganye kamar zuba ruwa ne a rariya. Ambaliyar 2024 da ta rusa gidaje a Maraɗi da Damagaram ta tuna mana cewa ruwan yanzu in ya zo da fushi yake zuwa, ƙasar da ba ta da saiwa kuwa tafiya take yi da shi. A fara da riƙe ƙasa, sauran dabarun su hau kai.

Yanzu mu zo kanmu, mu ƴan birni, don muna da hannu dumu-dumu. Iccen da ake girki da shi a Yamai da Maraɗi da Damagaram, da gawayin da muke dafa shayi da shi sau uku a rana, daga ina suke fitowa? Wani manomi ya yi shekara shida yana renon icce, dare ɗaya a sare a loda a amalanke a kawo mana. Tun 2011 matatar SORAZ ke fitar da gas a ƙasar nan. Gidan da ke da halin sayen babbar waya yana da halin sayen tukunyar gas, wanda bai da hali kuma akwai murhu mai tsimin icce. Kuma haƙƙinmu ne mu matsa a sa gas ya wadata, kuɗin tukunyar farko ya sauko inda talaka zai iya.

Sai masu sayen gonaki. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya samu kuɗi, ya je ƙauye lokacin da mutane ke cikin matsi, ya saye gona da araha, abu na farko ya sa a tumɓuke itatuwa don tarakta ta wuce. Mai gonar ya koma ɗan ƙwadago a gonar ubanshi, ko ya kama hanyar Agadas. In babanka ne ko kawunka ke shirin haka, ka gaya mishi cikin ladabi: Baba, a bar gawon nan, ya fi buhun taki.

Sai kwanon abincinmu. Mun mai da tuwon hatsi da dambun zogala abincin wanda bai waye ba, shinkafa da taliya su ne na ƴan gayu. Kowace jika da ka kashe kan abincin waje, ka hana ta wani manomi na Tasawa ko Madawa. Akwai ƙungiyoyin mata da ke sarrafa hatsi da wake da gujiya su ƙulla a leda mai tsabta, akwai Sahara Sahel Foods a Damagaram da ke yin abinci da mai daga anza da aduwa. In ƴaƴan icce suna da kasuwa a birni, babu manomin da zai bari a sare shi.

Ga kuma wani aiki da ya fi dacewa da mu da muka yi lakwal. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tsara sassaben zamani, ta amince cewa wanda ya reni icce a gonarshi yana da haƙƙin amfana da shi. Manoma nawa suka san da ita? Da Faransanci aka rubuta ta, tana kwance cikin takardu. Mu da muke iya karantawa, mu fassara ta da Hausa, mu yi saƙon murya mu tura ƙauyukanmu, mu kai ta gidajen rediyon karkara. Mu raka iyayenmu mata wurin kwamitin kula da filaye su samu takardar gonarsu. Mu tambayi magajin garinmu nawa aka ware ma gyaran ƙasa a kasafin bana, kuma abincin da ake dafa ma ƴan lakwal a wurin wa ake sayenshi. A Maputo, a 2003, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ba noma kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi. Tambayar ina aka kwana, kuma nawa ne ya isa hannun ƙaramin manomi, ba rashin kunya ba ce.

Kowace ranar 3 ga Agusta muna fita da riguna iri ɗaya, mu dasa icce, mu ɗauki hoto mu saka a Facebook. Wa ke komawa a watan Afrilu ya ga ko yana da rai? Bana mu canza salo. Duk wanda ya dasa, ya dawo mana da hoton iccen bayan shekara guda. Wanda ke da gonar gado a ƙauye, in ya je hutu ya zagaya ta tare da tsofaffi, a ƙirga kututturen da ke tofo, a zaɓi waɗanda za a bari kafin sassabe. Wanda ke da ƙanwa ko yaya mai goyo, ya tambaye ta abin da yaron ya ci jiya, ya ƙirga ko ya kai biyar.

Ku faɗa mana a ƙasa: a garinku wane icce ne ya ɓace, wane ne ya dawo, kuma wa ya dawo da shi? Ku ambaci sunan garin. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raya mana yaranmu.